Tattabarar da Ta Ƙi Tashi

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar hutun zafi na shekarar 1999, bayan la'asar, lokacin da rana ta ɗan sassauta har mutum zai iya taka rufin gidanmu na unguwar Uhudu ba tare da ya yi rawar dole ba. Shekarata goma sha ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofar bene riƙe da bindigar roba mai ruwan lemo, irin wadda ke harba harsashin soso, yayata Asma'u kuma tana can gefen tankin ruwa da littafinta da biro, tana jiran ta ga inda harsashin zai faɗi. Na ja kunama. Harsashin ya wuce Asma'u, ya wuce tanki, ya wuce duk inda wani harsashi ya taɓa kaiwa a rufin nan, ya je ya sami wata tattabara da ta sauko kan katanga a daidai lokacin, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ta yi wani juyi ta faɗo cikin rufin, fiffike ɗaya a sake. Ban gama buɗe baki ba na ji gyaran murya a bayana. Kakarmu ce, mahaifiyar Baba, ta hawo da kwanon alkamar da take watsa wa tattabaru kowace yamma.

Mu 'ya'yan Madina Sitti muke ce mata, ita kuwa ba ta amsawa sai an ce Kaka. Tana yarinya iyayenta suka baro ƙasar Kano da ita, suka yi shekaru a hanya ta Sudan kafin su iso, kuma ba ta taɓa barin mu manta da hakan ba. A ganinta mu da aka haifa a garin Manzo mun samu a ɓagas, shi ya sa ba mu san darajarsa ba. Tun kafin mu iya ɗaura zariyar wando ta koya mana cewa Madina harami ce: ba a farauta a cikinta, ba a sare mata itace, ko tsuntsu ba a firgitawa. To ga ni tsaye da bindiga a hannu, ga tsuntsuwa a ƙasa. Kaka ta ajiye kwanonta, ta ɗauki tattabarar ta duba fiffiken a hankali, sannan ta ɗauki harsashin ta matsa bakinsa da yatsu biyu. Ƙwallon dabino ya fito ya faɗi a gabanta.

Na ce, "Wallahi ya Sitti, ma gasadt," wato ban yi da niyya ba, don in tsoro ya kama ni Larabci ne ke riga Hausa fitowa. Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Mutane suna tafiyar shekaru a ƙasa don su zo garin nan su yi ladabi, kai an haife ka a cikinsa ka zama maharbi." Ta miƙo hannu, na ɗora mata bindigar. "Tsuntsuwar nan amanarka ce. Ranar da ta tashi da kanta, ka karɓi abinka. In ta mutu, ko aka koma makaranta ba ta tashi ba, turmi." Babu wanda bai san wannan turmin ba a gidanmu. Na itace ne, wani mahajjaci ya kawo mata shi daga gida, a ciki take daka kuka da yaji, a ciki kuma ta taɓa daka wata motar wasa mai jiniya da ta hana ta barcin rana. Na san ba barazana take yi ba.

Sai mutum ya san abin da bindigar nan ta ci mini kafin ya gane halin da na shiga. A shekarun nan, da zarar an sauko daga sallar Idi, yaran unguwa sai mu kwasa zuwa shagunan da ake kira Abu Riyalain, inda ake tara tarkacen roba iri-iri, kowa ya fito da bindigarsa. A jikin kwali an zana yaro yana harbi har tsallaken kogi, amma in ka zo gida ka gwada, harsashin sai ya fito a gajiye ya kwanta kusa da ƙafarka. Asma'u ce ta fara cewa a daina gardamar baki, a auna. Rufinmu a shimfiɗe yake da balaɗ, wato tayil, don haka ta sa kowa ya tsaya a bakin ƙofa ya yi harbi uku, ita kuma ta ƙirga balaɗ ta rubuta. Ta sami wani tsohon littafin lissafi ta ware wa kowace bindiga shafi guda, da suna, da launi, da zango, da hukunci a ƙasa. Shekararta goma sha uku, amma ba ta da sani ba ta da sabo. Akwai wata ƙatuwar bindiga mai fitilu da ɗan maƙwabcinmu ya yi sati yana mana ɗagawa da ita, ta rubuta mata: "Kyau, goma bisa goma. Aiki, Allah ya ba mai ita haƙuri." Yara suna jin haushinta, amma ba wanda zai sayi sabuwa bai kawo mata ta gani ba. Tawa da ta zo, balaɗ tara ta yi. Asma'u ta rubuta, "Ta dace da mai ita."

Wannan kalmar ce ta sa ni kwance bindigar. Baba gyaran mukayyif yake yi, na'urar sanyaya ɗaki, kuma a ƙarƙashin matakalarmu yana da akwatin kayan aiki da ba a taɓawa, ni kuwa na taɓa. Na warware ƙusoshin na buɗe cikinta, na tarar ba wani sihiri, bututu ne da susta, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai tsalle, wadda ke tura iska ta fitar da harsashi. Sustar siririya ce, don haka na cire ta na maye gurbinta da ta wata tsohuwar laima da wani baƙo ya manta a gidanmu. Na ga wani ɗan yankin roba da ke tare hanyar iska, na fasa shi. Duk inda iska ke zurarewa na naɗe da shaɗarɗon, baƙin salatif ɗin masu aikin wuta, na shafa wa bututun man basilin na Umma. Sau huɗu ina rufewa ina tarar da ragowar ƙusa a hannuna, sau ɗaya kuma sustar ta kufce ta bar mini tabo a haɓa wanda har yau gemu bai yarda ya fito a wurin ba. Da na gama, sai da na taka ta da ƙafa kafin na iya ɗana ta. Ta yi balaɗ ashirin da biyu, Asma'u ta sake ƙirgawa don ba ta yarda ba.

Matsala ta dawo kan harsashi. Waɗanda suka zo da ita uku ne, biyu sun tsallaka gidan maƙwabta, ɗaya ƙaninmu ya tauna. Na koma yanka nawa daga soson da Baba ke lulluɓe bututun mukayyif da shi, amma ba su da nauyi, suna fita sai su ɗauki hanyar da suka ga dama. Dole a sa musu wani abu a baki, kuma a Madina, a lokacin ɗanyen dabino, abin da yaro zai fara gani a ƙasa ƙwallo ne. Asma'u ta buɗe sabon shafi. Muka shiga cin dabino da sunan bincike, ajwa da safawi da sukkari, duk wanda hannu ya kai, muna wanke ƙwallayen muna shanyawa a kan tanki. Na safawi ya cika tsawo, yana sa harsashi ya tuntsura. Na ajwa gajere ne mai ƙiba, shi ya fi zama daidai, sai dai ajwa ta baƙi ce, a saman kabad take zaune, don haka binciken ya haɗa da hawa kujera. Kwana biyu na yi ina zarya a bayi, Umma tana mamakin abin da na ci. Harsashin farko mai ƙwallon ajwa shi ne wanda ya sami tattabarar, kuma ko zangonsa ba a rubuta ba.

Da Baba ya dawo da magariba Kaka ta nuna masa bindigar. Ya juya ta, ya leƙa ciki, ya gwada ɗanawa, na ga gefen bakinsa yana motsi. Ya tambaye ni a hankali, "Sustar laima ce wannan?" Na ce e. Ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi in ya ga aikin da aka yi da kyau, har na fara sa rai, sai ya miƙa wa Kaka abinta ya ce, "Hukuncin Inna ba a kai shi gaba, ya waladi. Ni ma turmin nan ya ci mini kaya." Iyakar taimakonsa shi ne ya ba ni kwalin mukayyif, na huda masa ramuka, na shimfiɗa tsumma, na ajiye shi a inuwar ƙofar bene inda sanyin cikin gida ke ɗan hurowa.

Makonni biyun farko tsoro ne zalla. Tattabarar ta takure a lungu, ba ta ci sai na jiƙa alkama na kai mata baki. Kullum da asuba, kafin in tafi masallaci, sai na hau na leƙa in ga ko tana numfashi. Ina canza mata ruwa sau uku a rana, ina wanke kashinta, ina ɗaure mata fiffike da zaren bandeji yadda Kaka ta nuna mini. Zan faɗi gaskiya, da farko bindigata nake jinya, ba tsuntsuwa ba. Amma akwai wata safiya da ta ɗora kanta a tafin hannuna ta lumshe ido, sai na ji kunya ta kama ni sosai, na ba ta haƙuri da Hausa, don a tunanina tsuntsayen Kaka Hausa suke ji.

A mako na uku ta warke. Ta miƙe fiffike, ta karkaɗe jiki, ta fito daga kwali ta zaga, ta koma ciki ta kwanta. Nan wahalata ta gaskiya ta fara. Tsuntsuwar ta duba rayuwarta ta da, ta yawon neman tsaba a zafin Madina, ta duba ta yanzu, ga inuwa, ga sanyin mukayyif, ga bawa mai kawo abinci, ta yanke shawara. Ta yi ƙiba har tana tafiya tana rangaji irin na hajiyoyin da suka dawo daga kasuwa da kaya. Asma'u ba ta bari wannan ya wuce ba, ta ware mata shafi: "Tattabara, ruwan toka. Zango, balaɗ biyu, a ƙafa. Cin abinci, madalla. Shawara, kada a saya."

Da a wani gari ne, tafi ɗaya zan yi a wuce wurin. Amma a harami muke, kuma Kaka ta ce da kanta za ta tashi. Ba tafi, ba kora, ba cillawa sama. Na gwada yin atishawa kusa da kwalin, sai na ji murya daga matakala tana cewa, "Atishawar ƙarya ma firgitarwa ce." Na rage mata alkama ko yunwa za ta tuna mata da sana'arta, Kaka ta ɗaga ta a hannu ta ce ta rame, ta ninka abincin, ni kuma ta hana ni shayin yamma. Na riƙa ɗaukar kwalin ina kaiwa kusa da 'yan'uwanta in sun sauko cin tsaba, ko za ta bi su. Takan fito ta ci nasu, in sun tashi ta bi su da kallo, sannan ta juya ta koma ɗakinta. Har koya mata na yi. Na tsaya a gabanta ina ɗaga hannuwa ina sauke su, ina ɗan tsalle ba tare da ƙara ba, ban san matar maƙwabcinmu tana shanya a nasu rufin ba. Da yamma ta shigo ta tambayi Umma a asirce ko lafiyata ƙalau, ta ce ta san wani malami a unguwar Bi'ir Ali. Ranar Juma'a kuwa, in Baba ya kai ni Masallacin Annabi, mutane a dama da hagu suna kuka suna roƙon gafara da Aljanna, ni ina tsakiyarsu da hannuwa a sama ina roƙon Allah ya sa wa tattabara ƙyamar kwali.

Hutu yana ƙarewa, ni ina ƙarewa. Na daina cin abinci sosai, na daina fita ƙwallo, in yara suka hawo da bindigoginsu sai in zauna kusa da kwali in juya musu baya. Wata baƙar kyanwa kuma ta fara leƙowa ta katanga, sai gadi ya ƙaru a kan aikina. Bindigar tana ɗakin Kaka a saman akwatinta, in na shiga gaishe ta ina hango bakinta mai ruwan lemo, ita kuma tana jan carbi kamar ba ta san da zamanta ba. A lokacin makaranta ranar Asabar take buɗewa. Da safiyar Juma'ar ƙarshe na ji ana gungura turmi daga kicin zuwa tsakar gida, na shiga bayi na yi kukana a can don kada Asma'u ta rubuta.

Bayan sallar la'asar na dawo daga masallacin unguwa ina jan ƙafa, na kama matakala don in yi wa tsuntsuwar kallon ƙarshe na ƙiyayya. Ina tsakiyar hawa na ji wata ƙara da ba zan taɓa kasa ganewa ba, ƙarar sustar laima, sai kuma kwaram a jikin garwa. Na tura ƙofa. Tattabarar tana sama, tana dukan iska da ƙyar saboda teɓa, ta tsallake katanga da kamar taƙi ɗaya, ta miƙa wajen dutsen Uhudu. Kaka tana zaune a kan 'yar kujerarta da bindigata a cinya, Asma'u tana tsaye a gefenta tana kallon ƙasa. Kaka ta gyara mayafinta ta ce, "Kyanwar nan ce ta dawo." Na waiga ban ga kyanwa ba, na ce a raina ta tsere. Ta miƙo mini bindigar ba ta dube ni ba. "Ta tashi da fiffikenta, ga abinka. Ba sauran ƙwallon dabino a gidan nan sai a kwandon shara." Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo ta ce, "Kuma tana ja hagu. Ka gyara."

Murna ba ta bar ni na yi wata tambaya ba. Na lura dai Kaka ta yi azumi kwana uku a jere a wannan zafin, ga ta da shekaru, har Baba yana roƙon ta bari sai sanyi ya shigo, amma na ɗauka nafilarta ce ta kullum. Sai bayan shekara goma sha ɗaya, ranar da muka dawo daga kai Kaka makwancinta a maƙabartar Baƙi'a, muna zaune da Asma'u a kan matakalar nan, ta gaya mini sauran labarin. Tun ranar Laraba Kaka ta kira ta ɗaki ta ce ta koya mata yadda ake ɗana abin nan. Ta zauna ta cire ƙwallayen daga harsasan ɗaya bayan ɗaya. Ita ta sa aka ajiye garwa kusa da kwali, kuma sau biyu tana kuskure kafin ta same ta a na uku. Ba wata kyanwa ranar. Asma'u ta ce ta tambaye ta, ba ke kika ce ba a firgita tsuntsu a Madina ba? Kaka ta amsa, "Na ambaci turmi a gaban yaro, ba zan janye ba. Amma yaron nan ya rame. Gara laifin ya hau kaina, na fi shi sanin hanyar roƙon gafara." Ni da na daure a maƙabarta, a nan na kasa.

Yanzu ina da mata da 'ya'ya uku, ina da furfura a gefen kai, kuma ban daina ba. Ina da ɗaki guda a gidan da muke haya, bango cike da bindigogin soso, ina kwance su ina canza musu susta da bututu, ina ɗaukar bidiyo in faɗa wa mutane wadda ta cancanci saye. Susta kala-kala ake aiko mini har ƙofa, akwai 'yar na'ura mai auna gudun harsashi, yarana ba sa harbi sai da gilashin kare ido. Komai ya fi na da kyau da tsafta. Sai dai rufin benenmu a kulle yake, mabuɗin yana wajen mai gida, tsohon gidanmu kuma an rushe shi an yi dogon gini a wurin. In na ba yaran labarin nan da Hausa sukan yi dariya a inda ya kamata, su amsa mini da Larabci, ƙaramarsu ta tambaya ko za ta iya taɓa tsohuwar bindigar da ke can sama ita kaɗai, wadda launinta ya koɗe. Nakan sauko da ita in bar ta ta harba sau ɗaya a jikin labule. Na gyara bindigogi sun fi a ƙirga, nawa da na mutane, kuma na san ainihin abin da ke damun wannan, aikin minti biyar ne. Har yau tana ja hagu, kuma haka zan bar ta.